Fostar da Aka Cire wa Sanda

Masu cewa na cika ƙorafi, ku gyara zama, yau ma shi ne. Bambancin kawai na yau yana da hujja, an ma manna hujjar a bangon gari da gam.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ɗalibar shekarar ƙarshe ce a sashen zane da tsara hotuna, karatun da Umma take yi wa ƙawayenta bayaninsa da cewa, "Tana dai zuwa makaranta." Mu uku ne a gida, ni da Umma da Yaya. Akwai na huɗu da ba ya kwana amma kujerar falo ta san shi, wato Mai Kati, wanda yake nemana da aure. Shagon buga katin biki gare shi a bakin babban titi. Duk amaryar da ta shiga shagon nan da ƙuraje, a kati sai ta fito kamar an wanke ta da madara. Mutumin kirki ne, kuma wannan ce babbar matsalata da shi. Da mugu ne da tuni na huta.

Yaya kuwa shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana ƙarama. Da sandar ƙarfe take tafiya, irin mai zobe a damtse. Aikin kwantiragi take yi a sashen amsa kiran waya na wani kamfani, rabin garin nan ya san muryarta, babu wanda ya san fuskarta. Sandar ma ko a hotunan gidanmu ba za ku gan ta ba. Da an ce a tsaya a ɗauki hoto, Umma za ta zaunar da Yaya a kujerar tsakiya, ta zare sandar ta miƙo min, "Auta, riƙe min nan." Shi ya sa ni ma ba na cikin rabin hotunan. Ina bayan kyamara ni da sanda.

Bara hukumar gari ta toshe wurin tsallakawa na gaban tashar bas da shingen ƙarfe, ta gina gadar sama. Gada ce mai kyau, an yi mata fenti, an sa mata fitilu, manya sun zo sun yanke ƙyalle. Abin da aka manta kawai shi ne mutanen da za su hau ta. Matakalar a tsaye take kamar tsani. Yaya tana hawa safe da yamma, jaka a kafaɗa ɗaya, sanda a ɗaya. In ta makara a rubuta mata, in rubutun ya taru kwantiragi ya tafi.

A daidai lokacin ne Dakta, malamarmu mai gilashi rataye a wuya, ta fara koya mana darasin da take kira mararrabar wariya. Ranar farko ta zo da ledoji biyu masu haske, rawaya da shuɗiya, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya a jikin taga.

"Me kuka gani a tsakiya?"

Muka ce kore.

"Koren nan ba rawaya ba ne, ba shuɗi ba ne. Macen da take da nakasa kuma take aikin kwantiragi ba wahala uku take sha a jere ba. Wahala ɗaya take sha, wadda babu ofishin da yake da sunanta. Duk abin da za ku zana, ku tambayi kanku, wa na bari a wajen firam?"

Muka rubuta. A hawa na uku ake darasin, a ginin da ba shi da lifta, amma wannan ba ya cikin manhaja.

Aikin kammala karatunmu shi ne kowa ya yi fostar zanga-zanga ta gaske, a manna ta a bango na gaske, mai jarrabawa daga waje ya zo ya gani. Ni ko tunani ban yi ba. Ƙungiyoyi uku na shirin tattaki a kan gadar, na ɗauki zanen gwaji na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Shugabar ƙungiyar mata ta ce, "'Yata, sandar nan za ta karkatar da hankali. Sai a ɗauka maganar nakasassu ce."

Shugaban ƙungiyar masu nakasa ya ce, "Ba ki da namiji a keken guragu? Shi mutane suka saba gani."

Sakataren ƙungiyar ƙwadago ya ce zanen ya yi kyau ƙwarai, sai dai 'yan kwantiragi ba membobinsu ba ne.

Daga ƙarshe duk suka amince, ba don na gamsar da su ba, don babu wani mai yi musu kyauta.

Wahalar gaske Yaya ce. Na yi roƙo, na yi wanke-wankenta, na goge mata kaya, sannan wata safiya tana kurɓar shayi ta ce, "Sau ɗaya. In kika mai da ni abin tausayi, da sandar zan rotsa miki kai."

Ta fito cikin rigar aikinta mai ruwan toka, da 'yan kunnenta masu lilo, da jan baki.

"Yaya, ki cire 'yan kunnen. Jan bakin ma ki goge."

"Me suka yi miki?"

"Suna rage wa saƙon ƙarfi."

Ta dube ni, ta dubi agogo, ta goge. Na tsayar da ita a gindin gadar, na ce ta ɗaga kai ta kalli matakalar, kada ta yi murmushi. Na koma kwamfuta na shirya hoton da launi uku masu hawa kan juna, yadda Dakta take so. Sandar na yi mata ja, na ƙara mata girma kaɗan. To, ba kaɗan ba. A sama na rubuta da manyan baƙaƙe: WA AKA GINA WA GADAR?

Saura bugawa. Injin sashenmu ya lalace tun muna shekara ta biyu, takardar gyaransa na jiran sa hannun wani da yake jiran sa hannun wani. Ina zaune a falo na haɗa tagumi, Umma tana ninke labulen da ta wanke, ta ce, "Ga ruwa a gida kina taimama? Yaron nan injuna gare shi har na banza."

"Umma, katin biki yake bugawa."

"Takarda ba takarda ba ce? Ke dai ba kya son ya yi miki abin arziki, kada ki rasa abin faɗa ranar Asabar."

Ranar Asabar ce manyansa za su zo, kuma har yanzu Umma na jiran in buɗe baki in ce e. Ba ta tilasta min, Allah ya sani. Tana dai yin ajiyar zuciya ne duk lokacin da na wuce, irin mai kaɗa labule.

Na tura masa fayil ɗin. Na rubuta: "Don Allah ka buga shi yadda yake. Kada ka taɓa komai."

Ya amsa: "Ranki ya daɗe, ki bar min komai." Da hoton fulawa uku da na zuciya ɗaya.

Na sake rubutawa: "Ba komai zan bar maka ba. Bugawa kawai."

"An gama, ranki ya daɗe." Fulawa biyar.

Da ina da hankali da yawan fulawar nan ya tayar min da shi. Washegari ya turo cewa kada in wahalar da kaina da ɗaukar kaya, ya kai ɗaurin fostocin ofishin ƙungiyar ƙwadago da kansa, masu mannawa sun karɓa. Har na ji wani abu ya motsa a zuciyata. Na ce ashe dai.

Daga tagar bas na fara ganin fostar, a jikin shingen gadar, jere reras.

Wata kyakkyawa ce tsaye a gindin matakala a kan ƙafafu biyu miƙaƙƙu. Fatarta ta yi haske, kafaɗarta ta daidaita, rigar aiki ta koma ruwan hoda mai sheƙi. Bakin da na hana murmushi an ɗan ɗaga masa gefe. An zagaye takardar da zaren zinare, da fulawa a kowace kusurwa. Sanda kuwa babu ita babu dalilinta. A sama rubutuna na nan daram, shi kaɗai aka bari.

Dattijon da ke kusa da ni ya gyara hularsa ya karanta a hankali. "Wa aka gina wa gadar." Ya gyaɗa kai. "Gaskiya ne, talakawa aka gina wa. Gwamnati ta iya talla. Ga yarinya sai murna take."

Me zan ce? Na shafe wata da watanni ina shirya zanga-zanga, na wayi gari ina yi wa hukuma godiya.

A aji Dakta ta sa aka haska hoton a allo, domin wani ɗan ajinmu mai son taimako ya riga ya tura shi zauren hirar 'yan sashen na waya. Ta ɗora gilashinta, ta daɗe tana kallo, ta sauke.

"Yaushe ne ɗaurin auren?"

Aji ya fashe. Na yi bayani, na nuna fayil ɗin asali a wayata. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Ba na jarraba abin da ke cikin waya. Fosta ita ce abin da mai wucewa ya gani a bango. Jibi ne tattakin, jibi mai jarrabawa zai zo. In wannan ya tarar, sai mu sake haɗuwa baɗi a nan hawa na uku." Har na juya ta ƙara da cewa, "Ita mai hoton me ta ce?"

"Ba ta gani ba tukuna."

"Ba wannan nake nufi ba. Na asalin."

Na ce ta amince. Gaskiya ne ta amince a ɗauki hoton. Gama aikin ne ban nuna mata ba, na bari sai ya hau bango ta gani da girmansa. A lokacin na ɗauka kyauta nake shirya mata.

Shagon Mai Kati yana warin tawada da turaren ɗaki. Katunan amare sun rufe bango, duk fuska iri ɗaya kamar 'ya'yan mutum guda. Ya taso da fara'a, cikin riga mai guga har tana yanka, yana share min kujera da hankici.

"Kin gani? Ban faɗa miki ba ne don in ba ki mamaki."

"Ka ba ni. Ina sandar?"

"Ai ita ta fi cin lokaci. Cire ta ba wuya, ƙafar ce aiki. Sai da na kwafo ta dama na juya ta, na gyara inuwar. Wallahi ko amaryar manya ban taɓa ba ta lokacin da na ba Yaya ba."

"Na ce maka kada ka taɓa komai."

"Ban taɓa ba, ranki ya daɗe. Rubutunki ko ɗigo ban canza ba. Gyara kawai na yi." Ya nuna bangon da hannu. "Duk waɗannan haka suke cewa, kada ka taɓa komai. In na buga yadda suke, sai a dawo min da kati ana kuka. A shagon nan mace ba ta fita da abin da za a nuna ta da shi. Balle Yaya. Yayarki ai yayata ce."

Abin haushin, da gaske yake. Na zauna na yi masa darasin Dakta tun daga farko, har da ledoji, da na cire daga kwandon shararsa. Ya saurara da ladabi kamar mai jin wa'azi. Da na kai ga dattijon cikin bas sai fuskarsa ta faɗi.

"Talla ya ce?"

"Tallar gwamnati."

Ya zauna a kan ɗaurin takardu. Can ya ce, "Zan sake bugawa yanzu. Yadda kika turo. Ko ƙura ce a kai zan bar ta."

Na fita ina jin wani sanyi a raina wanda ban yi alfahari da shi ba. Ku da kuka daɗe kuna bina kun san tun yaushe nake neman dalili. Mutum ba shi da mata, ba ya shaye-shaye, yana gaida Umma a durƙushe, to me zan ce? Yau Allah ya kawo min dalili har da zaren zinare.

A gida na tarar Umma ta riga ni. Ta sa an ɓamɓaro mata ɗaya kafin gam ya bushe, ta yanke rubutun sama da almakashi, ta cire hoton kakanmu daga firam ta saka wannan. Yana saman talabijin, an kewaye shi da fulawar roba.

"Auta, zo ki ga 'yata. Tun safe waya ba ta huta ba. Har mai kemis ya tambaya wai 'yar gidan wa ce."

"Umma, wannan ba Yaya ba ce."

"Ni na haife ta ko ke?"

"Mutumin da zai goge wa Yaya sanda ba tare da ya tambayi kowa ba, ni ma wata rana zai goge ni. Ki ce wa manyansa su yi zamansu."

Umma ta ajiye tsumman da take goge gilashin da shi. Kafin ta yi magana muka ji ƙarar da muka sani tun muna yara, ƙwas, taku, ƙwas, taku. Yaya ta shigo gumi ya jiƙa mata wuyan riga, ta jefar da jaka a kujera. Ba ta yi mamaki ba. Ta hau gadar da yamma, kyakkyawar nan na yi mata murmushi a kowane mataki.

Ta tsaya gaban talabijin ta daɗe. Ni jira nake ta fashe, na ma shirya inda zan tsaya in riƙa gyaɗa kai.

"Ashe haka ƙafar za ta kasance," ta ce a hankali. "Ba laifi. Sai dai duk biyun da tabon ƙunar tukunya. Ni a ɗaya nake da shi."

Babu wanda ya yi dariya. Sai ga sallama, Mai Kati da ɗauri a kafaɗa, tawada a gaban rigar nan mai guga. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya ajiye ɗaurin a tsakar falo, ya juya wajen Yaya bai ɗaga kai ba.

"Yaya, na yi kuskure. Ga na gaskiyar."

Ya yanke igiyar. Na zaro ɗaya na ɗaga da hannu biyu, ƙirjina har yana tashi. Launi uku, fuska a ɗaure, jar sanda tun daga ƙasan takarda har kusan rubutu.

Yaya ta kalla. Ta dubi sandar da ke hannunta, ta sake duban ta takarda.

"Auta, wannan sanda ce ko turken wutar lantarki?"

"Don ta ja ido ne, Yaya. A ƙa'idar tsari, abin da ya fi..."

"Ta ja. Ni ina nake?"

"Ga ki nan."

"Wannan mai fuskar zaman makoki? Ni ko ranar da aka rubuta min makara ban yi wannan fuskar ba." Ta zauna a hannun kujera, ta miƙe ƙafar. "Kun burge ni, wallahi. Umma ta ɓoye ta, wannan bawan Allah ya goge ta, ke kin ba ta abinci ta yi ƙiba. Mutum uku, sanda ɗaya, babu wanda ya ce, Yaya, ya kike son ki fito?"

Umma ta ce, "Ni don kada a..."

"Na sani, Umma. Kowa don kada a ne."

Na ce, da muryar da ban so ta fito haka ba, "Yaya, jibi ne. In babu fosta a bango shekara zan maimaita."

"Za a yi fosta. Ni ma ina son a gyara gadar nan, ni nake hawanta ba Daktarku ba." Ta nuna Mai Kati da bakin sandar. "Kai, kana da kyamara mai kyau ko?"

"Akwai, Yaya."

"Gobe da safe kafin in shiga aiki. Zan sa doguwar rigata mai ruwan goro, da 'yan kunnena, da jan bakina, da katin aiki a wuya. Sanda a hannuna, girman da Allah ya yi ta. A mataki na farko zan tsaya, in na ga dama in yi dariya. Auta ta tsara launukanta, rubutun ma a bar shi, ya yi. Kai ka buga. Duk wanda ya ƙara ko ya rage, ya san abin da na yi alkawari." Ta ɗaga sandar kaɗan.

Mai Kati ya ce to. Na ce to. Umma ta ɗauki firam ɗinta ta rungume, ta shige ɗaki ta saki labule, amma ƙafafunta na nan a ƙasan labulen, kowa yana gani.

Yaya ta miƙe, ta rataya jakarta. Da ta zo wucewa ta gefena ta rage murya, irin ragewar da har maƙwabta za su ji.

"Na ji abin da kika ce wa Umma tun daga ƙofa. Kada ki kuskura ki jingina da sandata, ni kaɗai take ɗauka. In ba kya son sa ki ce ba kya son sa. In kina so kuma kina jin kunyar 'yan ajinku ne don katin biki yake bugawa, wannan ma ki faɗa."

Ƙwas, taku, ƙwas, taku, ta shige ta bar ni a tsakar falo da fostoci iri biyu da ba su da amfani, da mutum ɗaya a durƙushe.

Ya daɗe yana tattara guntayen igiya. Yau babu fulawa, babu ranki ya daɗe. Ya ɗago ya dube ni, tawada har a gefen kunnensa.

"Na lura ban iya tambaya ba," ya ce. "Maganar Asabar ma da Umma na yi ta, ke sanar da ke kawai aka yi. To yanzu ina tambaya. In ce su zo, ko in ce su zauna? Duk wanda kika faɗa, haka zan buga shi."

Ƙafafun da ke ƙasan labule suka matso. Ƙarar sanda ta dawo ta tsaya cak a bakin ɗakin Yaya.

Ni kuwa, da na iya tsara wa kowa fuskarsa, na buɗe baki na tarar ban shirya tawa ba.